Jan Zaren Baba

Babana gugan rijiya yake ɗinkawa a wata rumfa a bakin kasuwar Maigatari. Da tsohon tif na tayar manyan motoci yake yi, wanda direbobi masu shiga Nijar suka gama da shi. Amma kada ka kuskura ka faɗi haka a gabansa. Sai ya wanke robar da sabulu, ya goge ta da man gyaɗa har ta yi ƙyalli, sannan ya ɗinka. A bakin kowane guga yakan yi ɗan ɗinki a giciye da jan zare, alamarsa ke nan. Mutum zai taso daga Gagarawa, jan zaren zai fara dubawa kafin ya yi ciniki.

Shekarar da na fara koyarwa, gwamnati ta ce kayan da aka sarrafa daga shara za ta riƙa saya. Wani jami'i ya zo daga Gumel, saurayi mai ladabi, yana neman guga mai yawa don rijiyoyin ƙauyuka. Ina rumfar, na kawo wa Baba abinci. Jami'in ya gaishe shi, ya ɗaga guga ɗaya ya shinshina, sai ya ɓata fuska.

"Baba, wannan ai sabo ne."

Baba ya washe baki. "Sabo ful, ɗana."

"To ba za mu iya saya ba. Na shara muke nema."

Wallahi kamar in kurma ihu. Na ce, "Yallaɓai, ai da tsohon tif..." Baba ya watso mini harara, na haɗiye sauran. Jami'in ya ce abu mai sauƙi ne, Baba ya furta da bakinsa cewa daga bola kayan suka fito, shi ke nan.

"Ni? Da furfurata? In ce da bola nake ciyar da iyalina?"

A gida Inna ta tare shi. "Malam, to daga ina kake samo robar, daga Makka?"

"Daga direbobi."

"Su kuma in ba ka karɓa ba, ina za su kai ta?"

Ya zari butarsa ya tafi masallaci, alhali da sauran lokaci.

Ana nan sai maƙwabcin rumfarmu, mai sayar da igiya, ya fara kwashe duk gugan da Baba ya ɗinka. Baba har yabonsa yake yi, wai ga wanda ya san darajar kaya. Ashe bayan kasuwa yake kai su, ya turmuza su cikin toka da kashin awaki, ya bar su rana ta gasa. Jami'in ya gani ya ce yauwa, ga na gaskiya, ya saye su. Har yabo aka yi masa a taro, mutumin da bai iya zura zare a allura ba! Ni da Inna mun sani, muka yi gum don tausayin Baba.

Wata rana muka je suna wani ƙauye wajen Sule Tankarkar, muka tsaya bakin rijiya Baba zai yi alwala. Ga guga da rubutun farin fenti, a bakinsa ga jan zare. Baba bai yi boko ba.

"Ke, karanta mini."

Na so in yi ƙarya, na kasa. "An yi shi da shara."

Wata tsohuwa mai ɗiban ruwa ta ce, "Ja da shi, Malam, ko ɗigo ba ya yi. Aikin mai jan zaren Maigatari ne. Ashe ɗan bola ne, ba mu sani ba."

Baba ya ja ruwan, ya yi alwalarsa a natse, ya gode mata. Muka kamo hanyar gida.

Washegari na kai masa abinci. Yana ɗinki, baƙin zare tun daga gindi har baki. Ya laluba aljihu ya miƙo mini ƙullin jan zaren.

"Kai wa innarki, ko za ta ɗinke matashi da shi."