Shekarar da Gwaggona Ta Fara Koyarwa

Har yau, in na ji alli ya yi ƙara a jikin allo, sai in ga gwaggona tsaye a gaban aji.

Ƙanwar babana ce, kuma ita ce mace ta farko a gidanmu na Samaru da ta gama makarantar horon malamai. Da aka tura ta wata makarantar mishan a Sabon Gari, sai aka haɗa ta da ni, in zauna wurinta in yi karatu. Ka ga ke nan a gida gwaggo ce, a aji kuwa Malama.

Ajinmu cike yake da 'ya'yan ma'aikatan jirgin ƙasa, Yarabawa da Ibo da Nufawa, mu Hausawa 'yan kaɗan. Ranar farko damina ta kankama, ruwa na dukan kwano. Gwaggo ta buɗe baki da Turancinta mai gauraye da Zazzaganci, wani yaro ya kwaikwaye ta, aji ya kwashe da dariya. Ta juya za ta yi rubutu, allin ya karye mata a hannu. Ni dai abin ɗaure mini kai ya yi. Matar da ke take kunama da takalmi, me take tsoro a wurin yaran da ko majina ba su iya sharewa ba? Na yi ta leƙen fuskarta ina neman amsa.

Ran Asabar muka hau babbar mota muka koma Samaru. Mun tarar da kaka a tsakar gida tana ɓarar gyaɗa. Gwaggo ta durƙusa ta gaishe ta, sannan ta ce, "Inna, ni fa ban iya aikin nan ba. Jarrabawa kawai na ci. Zan ce su nemi wata."

Na zaci kaka za ta yi faɗa. Sai ta ture ƙwaryar gefe, ta karkaɗe zane. "To, kafin ki bari, koya mini. Ina so in ga abin da ya gagare ki."

Kaka ba ta san ko baƙi ɗaya ba, kuma ban taɓa ganin ɗaliba mai gardama irinta ba. Gwaggo ta faɗi kalmar Turanci, kaka ta murɗe ta, ta yi ta dariya har da hawaye. Can ta ce, "Ke, ina abin yake? Ni ba na riƙe sunan abin da ban gani ba." Gwaggo ta tashi a fusace ta ɗauko tsintsiya da ludayi. Kafin rana ta faɗi, kaka na bin kaji tana yi musu barazana da "burum", wato tsintsiya da Turanci, gwaggo kuwa ta riƙe ciki don dariya.

Ran Litinin ta shiga aji da kwando a ka. Ta ɗaga tsintsiya, ta ce kowa ya faɗi sunanta da yarensu. Ta gwada na Ibo, ta kwaɓa, yara suka yi dariya, ita ma ta taya su. Yaron nan da ya kwaikwaye ta shi ya miƙe ya gyara mata, yana ta hura hanci. Sannan ta ce, "To, kun koya mini naku. Yanzu ga na Bature."

A aji gwaggo ta tsufa. Yanzu gonakin da muke ratsawa tsakanin Samaru da Sabon Gari sun zama gidaje, malamai mata kuma ba sa ƙirguwa. Da yake ni ma a aji na yi furfura, sabbin cikinsu kan zo gaishe ni, in ga suna ɓoye fargabarsu kamar abin kunya. Nakan ba su labarin ranar da na tambayi gwaggo, bayan ta yi furfura, yaushe tsoron ya rabu da ita.

Ta dube ni da mamaki, ta ce, "Wa ya ce miki ya rabu da ni? Tare muke shiga ajin. Na dai daina ba shi kujerata."