Yadda Gulbi Ya Ci Gonar Auta

Ƙarfe goma na safe ne, ranar Asabar, aka fara rabon gonar mahaifinmu. A wurin akwai Inna, da yayana, da ƙanena wanda duk gida ke ce wa Auta, da ni, sai liman da dattawa biyu da suka zo shaida. Wannan safiya da abin da ta jawo mana ba za su fita daga raina ba har in koma ga Allah. Zan faɗa yadda abin ya faru, ɗaya bayan ɗaya, domin ni ba na son labarin da ake tsallake.

Gonar tana kudu da Madarumfa, a hanyar Gabi. Doguwa ce, kanta a bakin hanya, ƙafarta a bakin gulbi. Can ƙasa, inda gulbin ya yi kwana, akwai yankin da Baba bai taɓa sa wa hauya ba. Wata babbar tsamiya ce a tsakiya, ga kanya da marke, ga geza da kalgo, ƙarƙashinsu kuma ciyawar gamba da jema sun cushe har sai mutum ya sunkuya kafin ya hango ruwa. Kurmi muke ce wa wurin. Baba mutum ne mai sanyi, amma duk wanda ya shiga kurmi da gatari sai ya gamu da fushinsa. Idan an tambaye shi dalili, sai kawai ya ce akwai masu wurin. Haka muka tashi da cewa iskoki ne a cikin tsamiyar. Bai hana mu yankan gamba da kaka ba, bai hana tsintar tsamiya da kanya ba, bai hana karya wa awaki ganye ba. Gindi da saiwa ne ba a taɓawa.

Aka kawo igiya, aka auna, aka yanka gonar a gicciye. Yayana ya fara zaɓa saboda shi ne babba, ya ɗauki sama, kusa da hanya. Rabona da na Inna suka faɗo a tsakiya. Auta ya samu ƙasa, har da kurmin. A igiya, rabonsa daidai yake da na yayana. A noma kuwa, babban yanki daga cikinsa daji ne.

"Yaya, kai ka samu gona, ni na samu aljanu," in ji Auta.

"To ka sa su noma mana. Ai ba su cin tuwo."

Kowa ya yi dariya, har liman. Da dariyar ta lafa, liman ya yi bayani cewa babu itacen da ke cutarwa ko amfanarwa sai da ikon Allah, kuma tsoron tsamiya canfi ne. Gaskiya ya faɗa, har yau ban ja da shi ba. Sai dai a cikin duk waɗanda ke tsaye a wurin babu wanda ya tambaya ko akwai wani dalili bayan canfin. Inna ce kaɗai ta ce ubanmu bai sare ba, ubansa ma bai sare ba. Auta ya tambaye ta don mi. Ta ce ba ta sani ba, an kawo ta gidan ta tarar haka ake yi.

Ina so mai karatu ya san wani abu game da ƙanena. Ba rago ba ne, ba kuma mai haɗama ba. Yana da mata da yara ƙanana, geronsa ba ya kai shi wata damina. Kullum ya je gona sai ya tsaya yana kallon baƙar ƙasa mai laushi a ƙarƙashin itatuwa, ba ta ba shi ko dami ɗaya. Wanda ya taɓa auna wa iyali hatsi da yamma yana lissafin kwanakin da suka rage, ya san abin da ke ran mutum a irin wannan tsayuwa.

Da rani Auta ya fara share kurmin. Gamba da jema ya fara tonewa, ya tara, ya ƙone. Bayansu sai geza da kalgo. Manyan itatuwan kuwa a hankali ya bi su, saboda ma'aikatan gandun daji: ya ɓare ɓawon a kewaye, ya hura wuta a gindi, ya jira itacen ya bushe, sannan ya sare a matsayin matacce. Masu amalanke suka yi ta kwashe itacen zuwa Maraɗi. Tsamiyar ya bari ƙarshe. Ranar da ta faɗi mutane sun taru daga nesa, suna jira su ga abin da zai same shi. Ko ciwon kai bai yi ba. Daga nan garin ya ɗauka, duk inda ya wuce sai a ce ga sarkin aljanu, shi kuma yana dariya.

Damina biyu sabon wurin ya ba da geron da ban taɓa ganin irinsa ba. Auta ya cika rumbu, ya sayi rago, ya yi wa matarsa sutura. Maƙwabtansa na hagu da dama suka ga haka, su ma suka share nasu bakin gulbin. Yayana ya fara cewa shi aka cuta a rabo. Ni abin da na lura da shi ƙarami ne. Da kaka na sayi zana a kasuwa, abin da gidanmu bai taɓa yi ba. Da azumi na sayi tsamiyar kunu. Awakina suka rame tun kafin bazara. Na ga wannan duka, na ɗauka ba wani abu ba ne idan an gwada da rumbun Auta.

A damina ta uku abin ya faru. Kowa a ƙasarmu ya san ruwan sama ya sake hali. Sai ya ɗauke har shuka ta fara lanƙwashewa, sannan ya zubo gaba ɗaya kamar an kifar da randa. Ranar ba a yi ruwa a wurinmu ba ko ɗigo. Rana tana sama, gero ya yi ciki, muna cirar ciyawa mu uku, kowa a rabonsa. A kudu aka yi ruwan, can wajen Najeriya. Bayan azahar muka ji gulbi ya sake murya. Kafin mu sauka mu duba, ya cika baki da baki, ja wur, yana tafe da karmami da matattun kaji.

Ba wannan ne karon farko da ya cika haka ba. Tun ina yarinya nakan gan shi ya hau kurmi. Ya shiga cikin gamba da saiwoyi, ƙarfinsa ya mutu, ya kwana, ya janye, ya bar mana laka. A wannan rana babu abin da ya tare shi. A daidai kwanar ya bugi gaɓa tsirara, ya fara cin ta daga ƙasa. Sai muka ji ƙara kamar katanga ta rushe. Wani yanki na gonar Auta ya tsage, ya karkata, ya faɗa ruwa da geronsa a tsaye. Kafin mu gama salati wani yankin ya bi shi.

Auta ya ruga yana tumɓuke gero daga bakin gaɓar yana jifa baya, geron da ko ido bai yi ba, ba zai ciwu ba. Ƙasa tana tsagewa a bayan dugadugansa. Yayana ya bi shi, ya riƙe shi ta ƙugu, ya jawo shi suka faɗi tare.

"Sake ni, Yaya, abincin yarana ne."

"In ka bi shi wa zai riƙe yaran?"

Wurin da suka tashi, ba a jima ba shi ma ya faɗa ruwa. Muka koma tudu muka zauna. Kafin magariba gulbin ya yanke sabuwar hanya ta tsakiyar gonar Auta. Da ruwan ya janye, abin da bai tafi da shi ba ya binne da rairayi, har zuwa cikin rabona da na Inna.

Washegari maganar gari ɗaya ce: masu tsamiya sun rama. Waɗanda suka yi ta kiransa sarkin aljanu su ne suka fi kowa faɗa. Ni ban yarda ba, kuma ga dalilina. Sama da mu kaɗan, ta inda ruwan ke gangarowa, akwai gonar wasu Kiristoci 'yan Maraɗi. Ba ruwansu da tsoron iskoki, tsohonsu dai ya bar itatuwan bakin gulbi ne saboda amyar zumarsa. Na taka na je na gani da idona. Ruwa ya shiga wurinsu har ya bar shara a rassa, amma gaɓarsu tana nan ko taki ɗaya ba ta ja ba. Na sunkuya na ga saiwoyi sun saƙe ƙasar kamar tabarma. A nan na gane aikin da kurmin Baba ya yi mana shekara da shekaru ba tare da an biya shi ba.

Daga baya wani ma'aikacin gwamnati ya zo ya duba ɓarnar. Ya ce akwai gyara, ana jera duwatsu a cikin ragar waya a tare gaɓa. Yayana ya tambayi kuɗin. Mutumin bai ɓoye mana ba, ya ce abin da aikin zai ci ya isa a sayi duk gonakin wannan gefen, kuma bayan wasu shekaru sai an sake gyara. Yayana ya cire hula ya shafa kai. Abin da Auta ya samu a itacen duka ba zai sayi duwatsu cikin babbar mota ɗaya ba.

Auta bai zauna ba. Ya nemo jema da ƙananan itatuwa ya dasa a sabuwar gaɓar, yana ɗebo musu ruwa duk rani. Damina ta zo ta kwashe su tun ba su kama ƙasa ba. Ya sake dasawa, ta sake kwashewa. Itace shekaru yake so, gulbi kuma kowace damina sai ya zo. Da ya ga abin da ya rage masa bai kai shimfiɗar shanya ba, sai ya ɗaure kayansa. Ni na raka shi tasha ya shiga motar Ɗan Issa, garin bakin iyaka. Ya leƙo ta taga ya ce, "Yaya, ki ce wa Inna in na samu zan dawo." Yana can Najeriya yana tura kurar ruwa. Yakan zo da salla, ya kwana biyu, bai taɓa taka hanyar gonar ba. Inna ta rasu ba ta sake cin geronsa ba. Yaransa suna ci a gidan yayana da gidana. Inda gonarsa take, masu amalanke ne yanzu ke ɗibar yashin gini, gaɓar kuma ta iso cikin rabona.

Abin da na koya shi ne, hani yakan daɗe fiye da dalilinsa. Iyayenmu sun riƙe wurin da tsoro, ba su bar mana bayani ba, ranar da tsoron ya fita sai wurin ya zama ba shi da mai tsaro. Mu kuma da muka zo rabo, ƙasar noma kawai muka san darajarta.

Don haka ina roƙonka, kai mai karanta wannan. Idan gonarku ta taɓa gulbi ko ƙorama, ranar da za ku raba ta ku fitar da bakin ruwan daga rabo, ya zama na kowa, kada ku ɗora shi a kan mutum ɗaya mai iyali da yunwa. Kuma ku zaunar da yaranku tun kuna da rai, ku gaya musu a fili aikin da itatuwan nan ke yi.