Maganar da Na Sa wa Makanike a Baki

A gidanmu na Jambutu, a Garwa, ba a kallon tele sai da tafinta. Inna tana jin Hausa, tana jin Fulatanci, amma Faransancinta bai wuce na cinikin tumatir ba, kuma duk abin da parabol, farantin nan na tauraron ɗan adam, ke saukewa da Faransanci yake zuwa. Don haka dole mutum ɗaya ya zauna gefen tele, telekomand na sauya tasha a hannu, yana juya magana yayin da ake yin ta. Aikin yana da ƙa'idarsa. Ba a fassara ashar. In mace da namiji suka fara matsowa kusa da juna, sai ka sauya tasha, ka ɗan yi tari, ka dawo. In magana ta yi tsawo ka taƙaita, don Inna ba ta son surutu.

Hamma, yayana, shi ne tafintan gidan, kuma ban ga wanda ya kai shi ba. Akwai wani shiri mai dogon zango da muka shafe shekaru muna bi kowace Lahadi bayan la'asar, labarin wani jirgi da ke yawo tsakanin taurari. Hamma ya raɗa wa mutanen jirgin sunaye namu, ya ba kowa muryarsa. Wanda Inna ta fi so shi ne Makanike, wani gajere mai yawan dariya, kullum hannunsa da baƙin mai. A zangon ƙarshe Makanike ya fita ta wajen jirgi zai gyara wani abu, igiyar da ke riƙe da shi ta tsinke, duhu ya tafi da shi. Ranar Inna ba ta ci tuwo ba. Hamma ya yi ta tsokanarta, wai a kawo tabarmi a yi zaman makoki.

Bayan shekara biyu Hamma ma ya ɓata. Yakan kai atamfa da takalman roba kasuwar Mokolo, kuma lokacin ne rikicin kan iyaka ya yi tsanani. Ya tafi kamar kullum, bai dawo ba. Wani abokin cinikinsa, Kirista manomin kan dutse, ya yi takakkiya har Garwa don ya faɗa mana da bakinsa cewa ya gan shi a bayan moto, wato babur, an nufi wani ƙauye can bayan duwatsu da shi da ɗaurin kaya. Iyakar abin da muka sani ke nan har yau. Ba gawa, ba waya, ba wanda ya ce ya ji wani abu. Jandarma sun rubuta a takarda.

Ya bar matarsa, watansu takwas da aure, ba ciki ba goyo. Adda nake ce mata. Ta gama lise, wato sakandare, tana koyar da ƙananan yara, kuma a Faransanci ta fi ni nesa ba kusa ba, sai dai kunyar suruka ba ta barin ta buɗe baki a gaban Inna, don haka aikin tafinta ni ya faɗo wa. Baffanmu ya kai maganarta gaban alƙali, aka yanka mata shekara huɗu kamar yadda littafi ya ce a yi wa matar wanda ya ɓata. In sun cika ba labari, sai ta yi takaba wata huɗu da kwana goma, daga nan ta zama 'yar kanta, ta auri wanda ta ga dama.

Shekara huɗun suka cika. Har wani mai sayar da shanu daga Meiganga, mutumin kirki wanda matarsa ta rasu, ya aiko wa Baffa da magana. Abu ɗaya ya rage, Adda ta shiga takaba. Inna ta ce ba a gidanta ba. "Ba a yi wa mai rai takaba," in ji ta, "wanda ya ga gawarsa ya zo ya faɗa mini." Shari'a ba ta buƙatar izinin Inna, kowa ya san haka. Amma Adda marainiya ce, Inna ta riƙe ta kamar 'yar cikinta, ta ce ba za ta sa kayan takaba a kan hawayen tsohuwa ba. Ni kuwa abin ya ishe ni. Yarinya tana tsufa a gabanmu a tsakar gida, ana ta cewa a yi haƙuri. Na yi faɗa da Inna sau biyu, har ta ce mini mara kunya, na ce na ji.

Cikin wannan zaman doya da manja aka fara tallar sabon shiri. Reshe ne na wancan tsohon, an ciro mutum ɗaya daga ciki an gina masa labarinsa, kuma ba kowa ba ne sai Makanike. A kusurwar tele an sa alamar cewa na manya ne. Inna ta gane fuskarsa tun kafin in yi magana. Ta ce, "Ashe an same shi?" Yadda ta faɗi maganar na san ba Makanike kaɗai take nufi ba. Na so in ce mata katin da muke biyan kuɗin tashoshi da shi ya ƙare, amma ta riga ta riƙe ranar, Lahadi bayan la'asar, lokacin da aka saba.

Ranar ana zafin nan na Garwa da ko ƙuda ba ya son tashi. Na yi ta addu'a a ɗauke wuta, wutar da kullum sai an ɗauke, ranar ta zauna daram. Muka shiga falo mu uku. Inna a kan darduma da carbinta, Adda daga bayanta tana tsince yakuwa a faranti, ni a kujerar Hamma gefen tele.

Minti biyar na farko sun isa in san ba shirin da muka sani ba ne. Tsohon yana da haske, mutanensa suna ba'a, ko an shiga haɗari ka san za a fita kafin magariba. Wannan kuwa duhu ne tun daga waƙar buɗewa, wata irin ƙara ce mai ja kamar injin niƙa daga nesa. Jirgin da aka nuna duk tsatsa, ruwa yana ɗiga daga rufi, mutane suna shan taba suna zunduma ashar. Na tsallake zagi ya fi a ƙirga. Sau biyu na sauya tasha, sau ɗaya ma ban yi sauri ba, Inna ta ce a'uzubillahi ta kau da kai. Na ji haushin masu shirin. Wato girma a wurinsu shi ne a kashe fitila a cire riga.

Amma abin da ya tsaya mini a rai fuskar Makanike ce. A labarin, 'yan kwashe tarkacen sama ne suka tsinto shi cikin wani akwatin ceto. A wurinsa kwana tara kacal ya yi, a duniya kuwa shekara talatin sun wuce. Shi ɗan wasan ya manyanta tun wancan lokaci, sai suka goge masa fuska da na'ura don ya koma yadda yake. Fatar ta yi sumul fiye da kima, ba ƙwarzane ko ɗaya, idanun ne kawai na tsoho. Na taɓa taya wankan gawar wata gwaggonmu, kuma wallahi abin da na tuna ke nan. Kuma bai yi dariya ba ko sau ɗaya. Inna ta matso gaba, carbin ya tsaya a hannunta, ta ce, "Kin gani ko? Kwana tara." Ba da ni take ba, ba kuma da tele take ba.

Na ci gaba da fassara. Aka sallami Makanike daga asibiti, ya hau jirgin ƙasa, ya nemi unguwarsu, ya ƙwanƙwasa ƙofa. Wata tsohuwa ta buɗe, matarsa ce. Bayanta ga wani dattijo riƙe da kofin shayi, ga jika yana rarrafe. Suka tsaya suna kallon juna, aka daɗe ba kiɗa ba magana. Na daina jin ƙarar yakuwa a faranti. Sai Makanike ya buɗe baki, da wannan fuskar tasa mai santsi, ya faɗi kalmomi kaɗan a hankali. Abin da ya ce shi ne, "Ba ki jira ni ba."

Inna ta juyo ta ce, "Me ya ce?"

Ban yi shawara da kowa ba, ko da zuciyata. Na ji bakina yana cewa, "Ya ce, kin kyauta da ba ki jira ba. Ya ce duk tsawon zamansa a cikin duhu abin da ya fi tsoro shi ne ya dawo ya tarar ta ƙare rayuwarta a bakin ƙofa saboda shi. Ya ce da ya tarar da haka, da bai yafe wa danginsa ba."

Inna ta ce, "Duk wannan ya faɗa? Na ga bakinsa bai daɗe ba."

Na ce, "Haka Faransanci yake, Inna, kalma ɗaya takan ɗauki kaya da yawa."

Ta mayar da ido kan tele. Tsohuwar tana kuka, Makanike ya juya ya sauka daga matakala, ruwan sama yana dukansa. Sauran shirin ban san me na fassara ba. Na tuna dai an yi harbi, an nuna wasu masu baƙaƙen kaya suna bin sa, aka ƙare a kan fuskarsa a jikin gilashin jirgin ƙasa. Na san Adda ta ji ainihin abin da ya ce, ta ji shi kafin ni ma. Na ɗauka za ta gane cewa don ita na yi. Ban waiwaya na dube ta ba, ina ta jin daɗin kaina, ina cewa yau na yi abin kai.

 Ranar Laraba da safe Inna ta aika a kira Baffa. Ina shara na ji ta tana ce masa, "In yaron nan yana raye ya dawo, ba zan iya haɗa ido da shi ba in ya ga yadda na tsare masa yarinya. In kuma ya rasu, na hana shi addu'a shekara huɗu. A kira malamai." Aka yi sadaka, aka dafa shinkafa, maƙwabta suka shigo suna yi mana gaisuwar da suka daɗe suna riƙe da ita a baki. Adda ta cire ɗan kunne, ta daina sa lalle da turare, ta shiga takaba. Ban sake kunna shirin ba, Inna ma ba ta tambaya ba. Har yau ban san yadda aka ƙare da Makanike ba.

Wata huɗu da kwana goma suka cika, Adda ta yi wanka ta fita. Bayan mako guda Baffa ya zo da saƙon mutumin Meiganga, har da goro. Adda ta durƙusa ta gaishe shi, ta ce a ba shi haƙuri, ba ta shirya ba. Baffa ya ɗauka kunya ce, ya ce zai dawo. Ni raina ya ɓaci. Na bi ta madafa na tarar tana hura gawayi, na ce, "Adda, wane irin abu ne wannan? An buɗe miki ƙofa kin tsaya kina kallon ta."

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Ke kin faɗa wa Inna naki, ta ji, Allah ya saka miki. Ni nasa na ji."

Na ce, "Fim ne fa. Wani Bature ne ya zauna ya rubuta."

Ta ce, "Na sani. Amma tun ranar, duk wanda ya taɓa ƙofar gidan nan da rana, sai in ga Hammanki tsaye da kayan da ya tafi da su, bai tsufa ba, yana faɗa mini wannan maganar. Da can ban taɓa tunanin abin da zai ce ba. Tunanina kawai ya dawo." Sai ta ɗora tukunya ta ce in miƙo mata gishiri.

Na miƙa mata gishirin. Duk dabarata a kan kunnen Inna ta ƙare, na manta akwai wani kunnen a ɗakin da ba ya bi ta bakina. Da na ce kati ya ƙare, da na cire waya daga bango, da watakila Inna ta sauko da kanta bayan shekara ɗaya ko biyu, Adda kuma ta tafi da zuciya sakayau. Wannan tunanin ba ya barina, musamman ranar Lahadi in la'asar ta yi. Wani lokaci nakan yi mafarkin Hamma, kuma a mafarkin fuskarsa sumul take kamar ta Makanike. Ba ya ce mini komai, yana dai kallona kamar yana jira in fassara.

Mutumin Meiganga ya jira shekara guda, ya auri wata. Wasu biyu sun zo bayansa, duk amsa ɗaya suka samu. Shekara shida ke nan. Yanzu Inna ce ke roƙon Adda ta yi aure, har da hawaye, tana maimaita mata maganar da na ƙirƙira kamar hadisi, wai ai ko Makanike ya ce an kyauta da ba a jira shi ba. Adda takan ce, "To, Inna," ba ta taɓa tona ni ba. Jiya da rana ina yi mata kitso a inuwar darbejiya wani mai tallan ruwa ya buga ƙofa, na ji wuyanta ya sandare a tsakanin gwiwoyina har sai da ya yi magana. Na ci gaba da tsaga gashin, na tura furfurar ƙarƙashin kitso yadda ba za ta gani a madubi ba.