Maƙoƙon da Ba a Gani

Ina koyarwa a lakwal ta Dogo-Dogo shekarar da majo, babban ma'aikacin gidan likita na garin, ya ce ina da hawan jini, sukari kuma ya yi mini yawa. Ya dubi tumbina ya ce shi ma sai ya ragu. Ya hana ni gishiri da mai da shayi mai zaƙi, tuwo kuwa malmala ɗaya.

Na bi. Maiɗakina ta riƙa ɗebe mini miya kafin ta sa gishiri a tukunya. Na bar hawa babur, ina zuwa lakwal a ƙasa. Bayan wata uku na hau sikeli, sai ga shi na ƙaru.

"Mushe, gaya mini gaskiya," in ji majo, don haka ake kiran malamin lakwal a wurinmu. "Ina kake ci a ɓoye?"

Na rantse masa, ya yi murmushi kawai. A gida ma maiɗakina cewa ta yi, "Malam, ko dai kana tsayawa wajen mai tsire ranar kasuwa?" Har na koma ina tuhumar kaina, domin a lokacin mantuwa ta kama ni. Sai in tsaya gaban allo da alli a hannu, kalmar da nake nema ta ɓace. Ana tsakiyar bazara, kowa na fifita, ni ina neman mayafi. Muryata ta dishe, ga barci da hantsi.

Da hutu ya zo na tafi Magariya. Wata likita ta saurare ni har na gama, sannan ta ɗora yatsu a wuyana ta ce in haɗiye yawu. Ta sa aka ɗebi jinina aka kai Damagaram. Bayan mako biyu na koma.

"Akwai wata ƴar tsoka a gaban wuya," ta ce. "Ita ke kumbura ta zama maƙoƙo. Taka ba ta kumbura ba, aiki ne ta rage, shi ya sa jikin duka ya yi nauyi."

Ni maƙoƙon da na sani na mata ne, ƙullutu a fili. Na tambaye ta ko sukarin ne ya jawo shi, ko shi ya jawo sukarin.

"Sukan zo tare. Ba zan iya ce maka wanne ya riga ba."

Sannan ta ce in riƙa cin gishiri mai iyod, sinadarin da tsokar ke buƙata.

"Ai an hana ni gishiri."

"Kaɗan za ka ci."

Sai da na hau mota na tuna ban tambayi kaɗan ɗin nawa ba ne.

Yanzu kowace safiya ina shan ƴar ƙwaya kafin in karya. Sanyin ya tafi, mantuwar ta ragu, tumbin dai yana nan kusan yadda yake. Bayan kaka yayana ya zo daga Sassumbrum duba ni. Ya shafa wuyana hagu da dama.

"To ina maƙoƙon?"

Na fara yi masa bayani kamar yadda likita ta yi mini. Da na kai rabi sai na ga ni ma ban san yadda zancen ya haɗu ba. Ya jira ni kaɗan, sannan ya ce Allah ya ƙara sauƙi, ya nemi buta.