Sista Kwance da Rigar Annoba

Shekara goma sha ɗaya asibitin nan yana atisayen annoba, kuma shekara goma sha ɗayan nan mace ɗaya ce ke fitowa a matsayin marar lafiya. Shi ya sa sunanta na yanka ya ɓace, har masu shara Sista Kwance suke ce mata.

Ba wanda ya tilasta mata. Ran da aka fara, masu horarwa suka nemi wadda za ta kwanta, sauran nas-nas su koyi sa kayan kariya da cire su. Ta dubi rigar roba, ta dubi zafin rana, ta dubi gadon da ke ƙarƙashin fanka, ta ce ita za ta sadaukar da kanta. A faɗi gaskiya kuma ta iya. Sai ta yi nishi, ta hau karkarwa tana kiran Innarta, daga nan ta sulale ta some, ido a rufe ruf har a tashi. Wani lokaci suman kan zarce ya zama barci har da minshari, baƙin da suka zo duba atisayen su gyaɗa kai su ce lallai wannan ta san alamomin cuta. In an zo rabon takardun shaida kuwa ita ce farkon layi, duk ta jera su a bangon falonta.

Ba muguwa ba ce. Tana da sanyin hannu, sai ta yi wa yaro allura bai sani ba. A gida ita ke jinyar Inna, tsohuwa mai ciwon ƙirji, ita ke mata wanka, ita ke ba ta abinci a baki. Aibinta ɗaya ne, gara ta mutu da a ce ba ta sani ba. Sista Tabarau, ƙanwarta a aiki, ta sha faɗa a wurinta saboda yawan tambaya a gaban baƙi.

"Ke ba kya jin kunya? Komai sai kin tambaya kamar baƙuwa a tasha?"

Kwatsam annoba ta zo da gaske, mai amai da zazzaɓi, ba tafi ba hoto. Metiron, shugabar nas-nas, ta buɗe fayil ta ce wa Sista Kwance, "Duk gidan nan wa ya kai ki horo? Ke ce shugabar ɗakin killacewa." To, kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Sa kayan bai ba ta wuya ba, ta saci kallon ta kusa da ita. Awa uku tana ciki, har wani dattijo ya kelaya mata amai a ƙirji da hannuwa. Da aka zo fita, ɗakin cire kaya mutum ɗaya yake ɗauka, kuma shugaba ce farko. Ga bokitin ruwan magani, ga kwandon zuba kaya, ga madubi. Ta ɗaga kai neman takardar umarnin da ke bango, ashe an lulluɓe ta da ƙaton hoton atisayen bara. Ga ta nan ita kanta a tsakiyar hoton, kwance, ido rufe.

Safar hannu ake fara cirewa ko takunkumi? An sha faɗa a kanta tana gyangyaɗi cewa kuskure ɗaya a nan shi ke kai cuta gida. Ta dubi hannuwanta, ta tuna su za su kai cokali bakin Inna anjima. Tsoro ya kama ta, na gaske, irin wanda ba ta taɓa kwaikwaya ba.

Sista Tabarau na bakin ƙofa cikin sababbin kaya, ita ce mai lura da masu fita. "Yaya, lafiya? Ko in faɗa miki?"

"I" kawai za ta ce. Amma a bayanta nas huɗu ne ke jira, sun zuba ido su ga yadda gwanaye ke yi. Ta buɗe baki, girman kai ya hana ta. Sai ta koma ga abin da ta ƙware a kai. Ta yi nishi, ta yi karkarwa, ta sulale ƙasa.

"Zafi ne ya buge ta!" in ji Sista Tabarau. "Kar wadda ta matso, ni zan cire mata."

Ta durƙusa ta fesa mata ruwan magani, ta kama safar hannu ta waje, tana faɗin kowane mataki da ƙarfi fiye da yadda ɗakin ke buƙata. Da ta sunkuyo kusa da kunnenta sai ta rage murya.

"Yaya, gobe hutuna ne, ba mai ɗaga ki. Don darajar Inna, wannan karon ki buɗe ido."

Kunya ta rufe Sista Kwance har tafin ƙafa. Ta buɗe ido.