Maman Wisdom, Wadda Ta Wanke Sunan Malam Ladan

Kafin mahauta su gama fiɗa, Phoebe Gaiya ta iso mayanka da takalminta na roba. Ta duba hanta, ta latsa huhu, ta ce wannan ya wuce, wannan a binne. Shekara da shekaru tana duba naman da Minna ke ci. Mahauta Maman Wisdom suke ce mata. Watan jiya ta yi ritaya.

A 2013 magana ta tashi a Tudun Wada cewa Malam Ladan mai kilishi yana haɗawa da naman jaki. Ba wanda ya gani, kowa ji ya yi. Masu saye suka watse, har a masallaci wasu suka daina miƙa masa hannu. Malam Ladan ya sami Maman Wisdom a mayanka.

"Maman Wisdom, kin san shanun da nake yankawa. Ki faɗa musu."

"Malam, naman da ya sha ƙuli da yaji ya bushe, ido ba ya tantance shi. Ko na rantse ba za su yarda ba. Amma akwai gwaji."

Gwajin DNA take nufi, wanda ke nuna dabbar da nama ya fito daga jikinta, ko an niƙa shi ko an gasa. Babu na'urar a wurin aikinta. Ta ɗebi kilishin a gaban mai unguwa, ta hau mota ta kai wani ɗakin gwaji a kudu, ta yi ta bibiya a waya.

Sakamako ya yi jinkiri. Hawan jini ya kwantar da Malam Ladan, ya rasu bai ji ba. Da sakamakon ya fito, naman shanu ne zalla.

Ta iske matarsa Rabi'atu tana takaba, ta faɗa mata. Rabi'atu ba ta ɗago kai ba.

"Ni na sani, Mama. Je ki faɗa wa waɗanda suka ƙi zuwa jana'izarsa."

Ta je kuwa. Ina wurin ranar Juma'ar da ta tsaya a rana, nesa da ƙofar masallaci, ita Kirista, har liman ya sanar da sakamakon. Na ga manya sun sunkuyar da kai.

Da na je gidanta a Barkin Sale yi mata murnar ritaya, ba ta bari na yabe ta ba. Cewa ta yi, "Har yau ina cewa da na tafi da naman tun ranar da maganar ta fara."

Mama, ba ke kika makara ba. Ke ce kika tsaya lokacin da mu maƙwabtansa muka yi shiru. Ke ce dalilin da 'ya'yan Ladan ke faɗin sunan ubansu ba tare da sun rage murya ba. Mun gode, Allah ya ba ki lafiya ki huta.

Ku da kuka gaji aikinta, in aka kawo muku zargi, ku ɗauki naman ku gwada tun mai shi yana da rai.