Kafireton da Na Karya da Hannuna

A sati na uku da yin ritaya na karya kafireton babur ɗina. Babu abin da ya same shi, ni ne dai na rasa inda zan sa kaina. Shekaru masu yawa ina fita aiki ƙarfe bakwai da rabi, sai ga ni da hantsi a tsakar gidanmu a Tarauni. Na share soro, na ɗaure famfon da ba ya ɗiga, na leƙa waje ya fi a ƙirga. Sai na ce bari in wanke kafireto, wato inda mai ke gauraya da iska kafin ya shiga inji.

Na kwance shi a kan tabarma. Tiyon mai ya ƙi fita, na kama da filaya na murɗa, sai ɗan bakin da tiyon ke shiga ya ɓalle a hannuna.

Mai ɗakina tana gefe tana tsince shinkafa. Ta ce, "Malam, jiya fa lafiyarsa ƙalau."

Na zuba kafireton a leda na hau adaidaita zuwa Gyadi-Gyadi, wurin bakaniken da ya saba yi min gyara. Ya jujjuya shi ya ce, "Baba, wa ya yi maka wannan aikin?" Na ce ni ne. Ya sunkuyar da kai don kada in ga yana murmushi.

Ya ce irin wannan tsohon samfurin sai an sha yawo kafin a samu, amma gam zai riƙe. Ya goge wurin da sanfefa, ya matso gam iri biyu a kan guntun kwali, fari da baƙi, ya cakuɗa har suka koma ruwan toka. Ya zura tsinken tsintsiya a ramin don kada ya toshe, ya haɗa, ya shafe kewaye.

"Kada ya ga mai sai gobe war haka. Kuma don Allah kada ka taɓa."

Da na koma gida na ajiye shi a bakin taga. Bayan azahar na duba. Kafin la'asar na danna da farce, ya bar shaida. Na kai shi rana, na ga kamar zafin ya yi yawa, na dawo da shi inuwa. A karo na huɗu mai ɗakina ta karɓe ta sa a durowarta ta kulle.

Washegari na ɗaura, na buɗe mai, na tsuguna da takarda a ƙarƙashi ina jiran ɗigo. Bai ɗiga ba. A bugu na uku babur ya tashi.

Na fita ba tare da na san inda za ni ba, sai na tsinci kaina daura da ƙofar tsohon ofishinmu. Na tsaya a inuwa ina kallon masu shiga da fayil a hammata. Maigadi ya hango ni ya taso.

"Yallaɓai, an zo duba mu?"

Na ce masa wucewa nake yi. Na bi ta Daurawa, na ɓulla Ƙauyen Alu, ina tsayawa lokaci-lokaci in shafa gam ɗin in sunsuna yatsa. Babu warin fetur.

Kafin azahar na dawo gida. Ina cire hula idona ya sauka kan keken ɗinkinta. Ta lura, ta tashi ta lulluɓe shi da zane, sannan ta miƙo min kwano ta ce in sayo mata niƙaƙƙen tumatir.